"Yaronmu ne" ita ke cinye mana zaman lafiya a Zango

Duk inda aka tada zancen zaman lafiya a Ghana, kafin a yi nisa sai ka ji an ambaci Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Kuma ya cancanta. An haife shi a 1919, yana riƙe da limancin ƙasa tun 1993, a 2019 lokacin Ista ya taka da ƙafarsa ya shiga cocin Christ the King a Accra ya zauna da su, hoton nan ya zaga duniya. A 2012 da aka tone gawar limamin Hohoe, samarin Zango, wato unguwar Musulmi, suka fusata suka far wa fadar sarkin garin har aka rasa rayuka, shi ya tafi can ya kwantar da tarzoma. A watan Fabrairun 2016 da rikicin katangar maƙabarta ya ɓarke nan Tafo a Kumasi, aka yi harbe-harbe, aka saka dokar hana fita, haka ya taso daga Accra ya zo Kumasi.

Toh abinda ke damuna shi ne mun mayar da bawan Allahn nan motar kashe gobara. Mu kunna, a buga masa waya. Dattijon da ya haura shekara ɗari shi ne har yanzu ake ɗagowa a saka a mota don ya je ya ba jikokin jikokinsa haƙuri, mu kuma muna gefe muna tura hotonsa a WhatsApp muna rubuta "Musulunci addinin zaman lafiya ne". Eh addinin zaman lafiya ne, ba wanda ya musa, amma wannan jimlar ba ta taɓa hana wani yaro ɗaukar adda ba. Abinda ke hanawa tarbiyya ce, kuma a cikin tarbiyyar Musulunci akwai guda ɗaya da na ga kamar mun haɗa baki mun jingine ta, don ita ce mai ɗaci.

Hadisi ne sananne, ɗan makarantar Islamiyya ma ya haddace shi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ka taimaki ɗan uwanka ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta. Sahabbai suka ce wanda ake zalunta mun gane, to azzalumin fa? Ya ce ka hana shi zaluncin, wannan shi ne taimakonsa. Mu a Zango rabin farko muka riƙe, kuma wallahi mun iya shi, ba wanda ya kai mu. A taɓa ɗan unguwar Aboabo ka ga unguwannin Asawase da Sawaba da Akwatia Line sun taso. Rabi na biyun ne babu.

Kowa ya san yanda abin ke tafiya. Yaro ya sha tiramol, ya sari wani a wurin kallon ƙwallo ko ya fizge wayar wata mata a kasuwar Kejetia, 'yan sanda sun kama shi. Kafin la'asar an tada Alhaji wane, ya saka babbar riga, an ɗauko ɗan majalisar unguwa, wani lokacin har da limamin masallaci, an nufi ofishin 'yan sanda. Uwar yaron na bakin ƙofa da mayafi tana sharar hawaye tana cewa Alhaji ka rufa min asiri. Sai ka ji ana ta "ofisa, yaronmu ne, a bar mana shi mu gyara a gida". An yi beli, an dawo da shi, 'yan bes, wato majalisar da samari ke zama, sun tarbe shi da ihu kamar ya dawo daga Makka, an ɗora shayi. Wanda aka sara kuwa yana can asibitin Komfo Anokye a kwance, danginsa na haɗa kuɗin magani, ba wanda ya leƙa shi. Gyaran da aka ce za a yi a gida kuma ba a yi ba, an dai ce masa kar ka ƙara. Bayan wata uku a sake tada Alhaji.

Mu muna kiran wannan zumunci. Ni ina ganin shi ne asalin inda zaman lafiya ke fara ruɓewa, don yaron ya koyi darasi ɗaya tak: akwai masu fito da ni. Shi kuma wanda aka cuta ya koyi nasa: a nan ba a samun haƙƙi sai kana da gayya. Gobe shi ma zai nemi tasa gayyar.

A zamanin Manzon Allah an yi irin wannan zuwa belin. Wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka ji nauyin abin, suka tura Usama ɗan Zaidu, wanda kowa ya san Annabi na ƙaunarsa, ya je ya nemi alfarma. Annabi bai karɓa ba, ya tashi ya yi huɗuba ya ce abinda ya halaka mutanen farko shi ne idan babba ya yi sata sai su ƙyale, idan mai rauni ya yi sai su hukunta, ya rantse da cewa da Fatima 'yarsa ce ta yi da ya zartar mata da hukunci. Malamanmu na karanta wannan a tafsirin azumi mu yi ta kabbara, gari na wayewa mu ne Usaman, kuma mu ba ma dawowa mu ce an ƙi, sai mun san yanda muka yi.

'Yan siyasa sun gane wannan lagon namu tun tuni. Shi ya sa idan zaɓe ya matso ba sa zuwa neman ƙato a unguwannin masu hali irin Nhyiaeso ko Ahodwo inda 'ya'yansu suke, bes-bes ɗinmu suke bi da 'yan sidi da riguna masu hoto da alkawarin aiki a tsaro. Ban ce duk 'yan bangar siyasa 'yan Zango ba ne, ƙarya ne in aka ce haka, amma mu ma kar mu yaudari kanmu, sunayen da ake kira idan an yi harbi da yawa namu ne. A 2017 'yan Delta Force, 'yan bangar jam'iyyar NPP, suka kutsa kotu a nan Kumasi suka fitar da mutanensu ana tsakiyar shari'a. A Fabrairun 2019 aka yi harbi a ofishin jam'iyyar NDC na unguwar Amakom, saurayi ya mutu, makonni kaɗan bayan tashin hankalin da aka yi a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Accra. Daga nan aka yi dokar hana bangar siyasa ta 2019, mai ɗaurin shekara 10 zuwa 15. Doka na nan a takarda. Amma in dai unguwa za ta ɓoye yaro, uba zai karɓi buhun shinkafar da ya san daga inda ta fito bai tambaya ba, to doka sai dai ta tsaya a bakin titi. Duka jam'iyyun biyu, NPP da NDC, suna yi, kar wani ya ce na ɗauki gefe.

Na san abinda za a ce min, kuma masu faɗa suna da hujja. Za a ce Malam kai ba ka san dalilin da ya sa muke rufa wa juna asiri ba ne? Wa ke tsaya mana in ba mu ba? A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samarin Zango bakwai a yankin Manso Nkwanta suka ce 'yan fashi ne, har aka baje makamai aka ɗauki hoto. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya zo ya ce babu wata shaida da ta nuna 'yan fashi ne, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. A 2021 a Ejura, bayan kisan ɗan fafutukar nan Kaaka, sojoji suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga mutum biyu suka mutu. Tsofaffinmu kuma har yau ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi, aka kwashi mutanen da wasunsu a nan aka haife su. Wanda ya ga wannan ba za ka ce masa ya miƙa ɗansa ga hukuma ya koma ya yi barci ba.

Gaskiya ne, kuma duk malamin da zai hau mumbari ya yi ta ce wa talaka haƙuri haƙuri, bai taɓa buɗe baki ya ce wa mai bindiga ka ji tsoron Allah ba, wa'azinsa rabi ne. Musulunci bai san zaman lafiyar da aka gina kan danne haƙƙi ba. Amma ku duba aya ta 8 a Suratul Ma'ida, Allah ya ce kar ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci, ku yi adalci shi ya fi kusa da taƙawa. Ba a ce sai an yi muku adalci sannan ku yi ba. Kuma ko ta fuskar dabara, rufa wa mai laifi asiri mu yake karyawa. Ranar da aka kashe bakwai ɗin nan muka fito muna cewa ba ɓarayi ba ne, mutane nawa a garin nan suka taɓe baki suka ce ai kullum haka suke faɗa? Mun riga mun kashe darajar shaidarmu a kan waɗanda muka san sun yi, sai ga ranar da muke da gaskiya tsantsa muna neman mai saurare. Al'ummar da aka san tana miƙa mai laifinta da hannunta, ranar da ta ce wannan bai yi ba dole a tsaya a ji.

Wani wurin da "namu ne" ke mana ɓarna shi ne waya. Murya ta shigo gurup, wani da ba ka san ko waye ba yana haki yana cewa an ƙona masallaci a wuri kaza, ko an cire wa yarinya hijabi, ku tura wa duk Musulmi. Ba kwanan wata, ba sunan gari sosai, wani bidiyon ma daga wata ƙasa aka ɗauko shi. Amma tunda da Hausa aka yi maganar kuma an fara da sallama, shikenan ta zama gaskiya. Alhali aya ta 6 a Hujurat ƙarara take, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika, kar ku afka wa mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Surar nan gaba ɗayanta ma in ka karanta, izgili, laƙabin banza, mummunan zato, bin diddigi, gulma, sai ka ce don gurup-gurup ɗinmu aka saukar. Maganar makarantar 'yan mata ta Wesley Girls a azumin 2021, da aka hana ɗaliba Musulma yin azumi, gaskiya ce ta faru kuma ya kamata a yi magana, an kuma yi, manya sun zauna, Majalisar Zaman Lafiya ta ƙasa ta shiga. Sai dai abinda wasu suka riƙa rubutawa a Facebook a kan Kiristoci gaba ɗaya, da maƙwabciyarka Maame da ke ba 'ya'yanka ruwan sanyi za ta gani, da ba ka iya haɗa ido da ita.

Malamai ma ba su fita ba. Rigimar Tijjaniyya da Ahlussunna da ta kai ga jifa da fasa kai a wasu garuruwan ƙasar nan shekarun baya ta lafa alhamdulillahi, amma ta koma raddi a intanet. Malamin ɓangarenka ya zagi wani dattijo ka ce ya yi ilimi, na wancan ɓangaren ya rama ka ce ba shi da ladabi. In almajirai za su iya ce wa nasu malamin, cikin ladabi, Malam wannan kalmar ta yi nauyi, da rabin wutar ta mutu. A arewacinmu Burkina Faso na fama da masu ɗauke da makamai da sunan addini, irin mutanen nan kuwa inda suka tarar an saba kafirta juna nan suke samun wurin zama.

Mu kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen ƙasar nan a ƙidayar 2021, Kiristoci sun haura kashi 70. A Kumasi gidan haya ɗaya za ka tarar da Bahaushe da Ba'asante da Bafrafra da Bamoshe, famfo ɗaya, bayi ɗaya, mita ɗaya da ake faɗa a kan wa zai sayi kiredit. Nan ne ake gwada hadisin da Annabi ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba wanda maƙwabcinsa bai tsira daga sharrinsa ba, kuma bai ce maƙwabci Musulmi ba. Idan ɗanka ne ya kunna sifika har ƙarfe ɗayan dare ranar suna, ko matarka ta zuba ruwan wanki a ƙofar mutane, aka kawo maka ƙara, me kake fara cewa? Yawancinmu kare namu muke fara yi kafin mu ji ƙarshen maganar.

Ban ce a daina zuwa beli ba, wani yaron sharri aka masa, wani kuma in aka bar shi a ciki lalacewa zai ƙara yi. Abinda nake roƙon iyayenmu Alhazai da limamai da sarakunan Zango shi ne a sauya tsarin tafiyar. Kafin a nufi ofishin 'yan sanda a fara biyawa asibiti a duba wanda aka ji wa ciwo, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, a biya kuɗin maganinsa daga aljihun dangin yaron, a mayar da wayar da aka fizge ko kuɗinta. A zaunar da yaron gaban wanda ya cuta ya nemi gafara da bakinsa, ba Alhaji ya nema masa ba. Kwamitin masallaci ya rubuta sunansa, a faɗa masa a gaban uwarsa da ubansa cewa wannan karon mun tsaya maka, in ka sake mu da kanmu za mu raka ka. In ya sake ɗin kuma a raka shi.