Rashin zafin cizo ba shi ne tsira ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa dabba mai dafi sai ta yi cizo mai raɗaɗi, wurin ya kumbura, kafin a ce akwai haɗari. Oktofus mai zoben shuɗi ta ƙaryata wannan zato.

'Yar ƙaramar dabbar teku ce mai hannaye takwas, tsawonta duka da hannayen bai wuce santimita 20 ba. Tana zaune a gaɓar tekun Ostireliya har zuwa Japan, tana laɓewa cikin ramukan duwatsu da ƙwansunan dodon koɗi. In tana kwance launinta kamar yashi. Zoben nan masu ƙyalli da ke jan ido sai ta fusata suke haskawa, wato gargaɗi ne, amma a lokacin ne wasu ke ɗora ta a tafin hannu don ɗaukar hoto. Ganganci ke nan!

Sau da yawa wanda ta ciza ba ya ma jin komai. Dafin da ke cikin yawunta, tetrodotoksin, yana toshe saƙon da jijiyoyi ke kai wa tsoka. Cikin mintoci leɓe da harshe su mutu, magana ta gagara, jiki ya shanye, numfashi ya tsaya, alhali mutum na iya jin duk abin da ake faɗa a kansa.

Babu allurar karya wannan dafi. Abin da ke ceto shi ne a ɗaure wurin, a riƙa hura wa mutum numfashi ba tsayawa har a haɗa shi da na'ura a asibiti. In ya kai awa 24, galibi yakan warke sarai.