Kawu da totuwar masara mai ilimi

Sao Paulo ne, kasar Brazil, 1952. Kawu ya baro gonarsa ya zo birni wajen dan kanwarsa, da yamma aka ja shi gidan makwabta kallo dan duk layin su kadai ke da talabijin, tashar TV Tupi din ma shekararta biyu da budewa.

KAWU: Kai yaro waye ya cusa mutanen nan a akwati, kuma duk sunyi fari fat kamar an tono su daga toka?

DAN BIRNI: Kawu rage murya gidan mutane muke. Wasan yara ne, Sitio do Picapau Amarelo, daga littafan Monteiro Lobato. Labarin gonar wata kaka ce Dona Benta da jikokinta biyu.

KAWU: Gona? To yanzu kazo gidana. Wannan mai surutun kamar ta hadiyi aku fa?

DAN BIRNI: Emilia kenan, yar tsana ce, mai girkinsu Nastacia ta dinka ta da tsumma, likita ya bata kwayar magana ta hadiye shikenan baki ya ki rufuwa.

KAWU: Wane likitan banza ne wannan?

DAN BIRNI: Dodon kodi ne.

KAWU: Ai dole. Wallahi ko tantama bana yi shi ya duba gwaggonka. Ce mata ta maimaita ban ji ba.

DAN BIRNI: Ba a maimaitawa Kawu, kai tsaye suke yi, yanzun nan suna can tasha, in mutum ya manta maganarsa ko yayi tuntube haka kowa zai gani babu gyara.

KAWU: Wancan siririn mai doguwar hula fa, hakimi ne?

DAN BIRNI: Kusan haka, Visconde ne, duk gonar ba mai iliminsa. Totuwar masara ce.

KAWU: Me?

DAN BIRNI: Totuwa. An manta da shi cikin littafai ne ya kwashe karatun tas.

KAWU: Innalillahi! Shekara arba'in ina hura wuta da malamai! Sauran kuma in watsawa aladu!

DAN BIRNI: Ai aladen gidan ma mai sarauta ne, Rabico, shi Emilia ta aura dan kawai taci sarautar.

KAWU: Totuwa malami, alade basarake, ni kuwa mai gonar ko mai unguwa baya amsa gaisuwata.

Ana cikin haka matar gidan ta shigo da dafaffiyar masara a faranti. Kawu ya dade yana kallonta, ya gaigaye guda tas, ya goge totuwar da bakin riga ya zura aljihu.

DAN BIRNI: Kawu meye haka kuma, ana kallonmu fa.

KAWU: Kana da littafin lissafi a gida?

DAN BIRNI: Akwai, me zakayi dashi?

KAWU: A ciki zata kwana. Akwai mai shagon da yake cewa yana bina bashi tun bara, ita zata je suyi lissafin.