Kwalin Alhaji Maƙo

Mutum uku ne a ɗakin haɗa kaya: Alhaji Maƙo mai kamfanin, wanda ko atishawa zai yi sai ya lissafa, da Baba Sannu tsohon ma'aikaci, da Gaggawa yaron da ke koyon aiki. A kan tebur ga hita shida masu siffar zobe, irin waɗanda ake ɗaura wa bututun injin narka roba. Mai saye yana jiran su a wata ƙasa.

ALHAJI: Gaggawa! Ɗauko ƙaramin kwalin can.

GAGGAWA: Ba za su shiga ba, Alhaji. A zagaye suke.

ALHAJI: Wa ya ce dole su tafi a zagaye? Kwance notin, ka buɗe su, ka taka su miƙe. Masu dakon kaya girman kwali suke aunawa, har iskar da ke tsakiyar zoben sai an biya. Ni ba zan biya wa iska kuɗin jirgi ba.

GAGGAWA: An gama! (Ya ɗaga ƙafa.)

BABA: Kai! Sauke ƙafar nan. A gefe na ce, a gefe!

ALHAJI: Baba, abin da ke jure zafin da ya wuce digiri 400 shi ne zai ji tsoron ƙafar Gaggawa?

BABA: Ranka ya daɗe, ƙarfen da kake gani riga ce kawai. Ciki maika ce, ma'adinin nan mai ɓarewa falle-falle kamar takarda, an naɗe ta da siririyar wayar da ke ba da zafin. In ka miƙar da zoben maikar za ta tsage, wayar ta tsinke ko ta taɓa rigar. Shi ke nan, sai bola.

GAGGAWA: To in ɗan matse ta kaɗan, ta lotsa, ba tare da ta miƙe ba?

BABA: Wannan ma ya fi muni, don ba za a gane ba. Aikinta ta rungume bututu ƙam, ta zuba masa zafinta. Duk inda ta lotsa rata za ta zauna, zafi ya rasa inda zai bi, ya taru a wuri ɗaya har ya cinye wayar. Za ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta mutu.

ALHAJI: Ai in ta fara aiki kafin ta mutu, a hannunsu ta mutu.

BABA: Haka ka gaya wa na baya. Shi ya sa ko sallama ka yi masa a waya yanzu, layin ne ke yankewa.

ALHAJI: Sabis ne babu kyau.

Gaggawa, da ba ya iya tsayawa hannu biyu, ya kama wayoyin wata hita mai nauyi ya ɗaga ta tana lilo.

BABA: Sake ta!

GAGGAWA: In saki?

BABA: A'a! Riƙe! Riƙe jikin, ka saki wayar! Wayyo ni. Ajiye ta a hankali. Yaro, wurin da waya ta fita daga jikin hita shi ne mafi rauni, ba mariƙi aka yi maka ba. Kuma wannan ta tangaran ce, ƙananan tubala ne aka sarƙe da juna, waya ta ratsa cikinsu. Tana kai sama da digiri 700 ba ta ce uffan ba, amma faɗuwa ɗaya daga tebur ta isa ta ɓantare tubalin.

ALHAJI: Ni dai ban taɓa ganin kaya masu shagwaɓa irin waɗannan ba.

BABA: Miƙo mita mu auna kafin a rufe. Me aka buga a jikinta?

GAGGAWA: Bolt 240, wat 1000.

BABA: To 240 sau 240, a raba da 1000...

ALHAJI: 57.6! Na wane ne?

BABA: Ba kuɗi ba ne, Alhaji. Om ne, ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wutar lantarki. Abin da mita za ta nuna ke nan, ko kusa da shi, in wayar lafiyarta lau.

ALHAJI: Shi ya sa ban ji daɗinsa a baki ba. To meye amfanin ɓata batirin mita?

BABA: Mu rubuta awon kowace ɗaya, mu ɗauki hoto. In ta isa a mace muna da shaidar cewa da ranta ta bar nan, sai a nemi masu dako su biya.

ALHAJI: Su biya? Gaggawa, auna sau biyu. Hoton ma ka ɗauka ta gaba da ta baya.

(A duk tsawon ranar, nan ne kaɗai aka ga haƙoran Alhaji.)

GAGGAWA: Baba, in shafa musu bakin mai kada su yi tsatsa a hanya?

BABA: Ko ɗigo kada ya taɓa su. Mai yana silalewa ciki, ranar da aka kunna ya ƙone ya zama gawayi, gawayi kuwa wuta na bi ta cikinsa. Salatif ma kada ka manna a jikin ƙarfen, gam ɗin ƙonewa yake. Kowace ɗaya a ledarta, a jefa ƙunshin silika mai shan danshi, a liƙe bakin.

ALHAJI: Danshi kuma? Hita ce fa! In ta jiƙe ta busar da kanta, ai sana'arta ce.

BABA: Kafin ta busar da kanta ta riga ta ja magana. Abin da ke raba waya da riga a ciki yana shan laima, in ya sha wuta ta riƙa zurarewa zuwa jikin ƙarfen, ana kunnawa fis ya faɗi. Sai mai saye ya sa ta a tanda wajen digiri 120 na sa'o'i kafin ta dawo hayyacinta. Kwantena kuma gumi take yi, da rana ta ɗau zafi, da dare ta huce, ruwa ya riƙa ɗiga daga rufinta a kan kaya.

ALHAJI: To akwai irin ƙunshin nan a kwalin takalmin da na saya tuntuni. Ban yar ba.

BABA: Na san ba ka yar ba. Amma wannan ya sha ya ƙoshi tun yaushe, sabo za a sa.

ALHAJI: La haula.

BABA: Saurara, Gaggawa, sau ɗaya zan faɗa. A cusa wa kowane zobe soso ko bututun kwali daidai cikinsa, don ya riƙe zagayensa. A ɗan ɗaure notin. A sa wa kawunan wuta, wato inda ake jona wayar lantarki, hula, don su ne ke fara lanƙwashewa, su ne kuma ke huda kwali. Wayoyi a naɗe su sako-sako, ban da karyawa a gindi. Kada ɗaya ta taɓa ɗaya, masu nauyi a ƙasa. Kwali mai bango biyu, soso santimita biyar ta kowane gefe, har sama da ƙasa. Salatif a bi tsakiya da gefuna biyu.

ALHAJI: Duk wannan soson? Ga maka. Ka rubuta "A YI HATTARA" da manyan baƙaƙe ta ko'ina. Rubutu kyauta ne.

BABA: Injin ɗaga kaya bai yi makaranta ba, ranka ya daɗe.

ALHAJI: To a ƙera akwati da tsohon katakon da ke bayan sito.

BABA: Ɗanyen katako ba ya tsallaka iyaka haka nan, saboda ƙwari. Akwai ƙa'idar ISPM 15: sai an gasa shi zafi ya kai digiri 56 har cikin zuciyarsa na minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, sannan a buga masa hatimi. In babu hatimi kwastan na iya tsare kayan ko su mayar da su.

ALHAJI: Wato katakon ma sai an saya masa hita. Mu tsaya a kwali.

BABA: Babban kwali. Bari in je in cika takardu.

Baba na fita Alhaji ya jawo kunnen Gaggawa.

ALHAJI: Duk abin da Baba ya ce ka bi, kada ka tsallake ko ɗaya. Amma a ƙaramin kwalin nan.

GAGGAWA: An gama!

Da Baba ya dawo, kwali na zaune a liƙe tsaf, salatif ya bi tsakiya da gefuna.

BABA: Har ka gama? Girgiza mu ji. Kwalin da aka haɗa daidai ba ya magana.

GAGGAWA: (Ya girgiza da ƙarfi.) Shiru, Baba.

BABA: Juya shi. Ƙara. Kai, ko motsi babu. Yaron nan zai yi hannu.

ALHAJI: Ɗora a sikeli! Allahu akbar, dubi allurar, ko tashi ba ta yi ba. Baba, ka gani? Shekara da shekaru kana sa ni asara.

BABA: Tsaya. Waɗancan ledojin shida da ke ƙarƙashin tebur, na mene ne?

GAGGAWA: Hitocin ne. Kowace da silikarta da hularta.

BABA: To me ke cikin kwalin?

GAGGAWA: Soso. Kai ka ce santimita biyar ta kowane gefe, Alhaji ya ce ƙaramin kwali. Ina gama jera soson wuri ya ƙare.

BABA: Inna lillahi...

ALHAJI: (Bai ɗauke ido daga sikeli ba.) Baba, ba yadda za a yi mu aika wannan ɗin tukuna, mu ji ko ya isa lafiya?