Tagogin cocin Birmingham sun tuna min da Babban Gwani

Ruwan sama ne ya kora ni cikin St Philip's, babban cocin nan na tsakiyar Birmingham, fakewa kawai na shiga yi kar wani ya fara min wa'azi. Daga waje tagogin baƙi ƙirin suke kamar gindin tukunya, sai da na shiga rana ta ɗan leƙo na ga ja da shuɗi sun zubo har kan hannun rigata, wallahi na fi minti ashirin a tsaye kamar wani baƙauye.

Guda huɗu ne, Edward Burne-Jones ɗan garin ne ya zana su, kamfanin William Morris ya haɗa tsakanin 1885 da 1897. Ni da na zata fenti ake shafawa, ashe tun gilashin yana narke ake zuba masa sinadarin da ke ba shi launi, sai a yayyanka shi ƙanana, fuska da ninkin riga a zana su a gasa a wuta, sannan a bi ɗaya bayan ɗaya a ɗaure da dalma. Kuma fa sana'ar nan sai da ta kusa mutuwa a Ingila kafin irin su Pugin, wani mai zanen gine-gine, su tashe ta, shi ya zana cocin St Chad's na nan Birmingham da aka buɗe a 1841, shi kuma ya zuga John Hardman, mai kamfanin ƙera kayan coci a garin, ya fara aikin gilashi a 1845.

To abin da ya tsaya min a rai, kusan a zamanin nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya, lokacin Sarki Abdulkarim, da ƙasa da azara kawai ya ɗaga bakan gizo. Ni dai ban yarda Pugin ya fi shi kai ba. Su a nan rana ce ke musu rowa shi ya sa suke roƙonta ta taga, mu kuwa gudunta muke, sai bango mai kauri da 'yar taga a sama, ka shiga soro da azahar ka ji sanyi kamar randa. Kowa da irin ciwonsa ya nemi magani.

Inda suka bar mu shi ne riƙo. Da yaƙin duniya na biyu ya taso cire tagogin nan na St Philip's aka yi aka kai su ramin haƙar dutse a Wales aka ɓoye, bam ya faɗa wa cocin a 1940 su ko ƙwarzane. Mu fa? Zauren kakana mai zane a goshi, bara da na je gida na tarar an rushe an sa bulo da kwano wai ci gaba, ko hoto ba wanda ya ɗauka. Na tambayi kawu sunan maginin ya ce shi dai ya san ana ce masa Malam, ya ci gaba da fifita saboda ba wuta.