Kafin ka biya kuɗin tsohon jirgin ruwa mai filafilai

Ƴan uwana matasa, musamman mazauna Ingila da Faransa da Amurka, ku yi hattara da tsofaffin jiragen ruwa na shan iska, masu filafilan ƙyalle da iska ke turawa, da ake tallatawa a intanet kan kuɗin da bai kai na mota ba. Araha ba ta ado. Da yawa an ƙera su da faiba tsakanin 1965 da 1985. Jirgi irin Westerly Centaur mai tsawon ƙafa 26, wanda aka fara yi a 1969, yana iya kai ka nesa lafiya, amma sai ka san abin da ka saya.

Kada ka yarda ka duba shi yana kan ruwa kawai. A ɗaga shi a ajiye a tudu, ko da kai za ka biya. Ka fara da ƙarfen nauyin nan da ke rataye a ƙarƙashinsa, wanda ke hana iska ta kifar da shi. Galibi notuna ne ke riƙe da shi. Ka duba mahaɗarsa da jikin jirgin: in ka ga tsaga, ko jan ruwan tsatsa yana gangarowa, mai yiwuwa ruwan teku ya riga ya kai ga notunan. Sai ka shiga ciki ka ɗaga katakon daɓe, ka haska tocila kan kawunansu da haƙarƙarin da ke kewaye. Ka tambayi mai jirgin kai tsaye: "Malam, ya taɓa bugun ƙasa?" Wannan tambayar rai ce. A watan Mayun 2014 jirgin Cheeki Rafiki ya rasa wannan ƙarfe a tsakiyar tekun Atlantika, ya kife, mutum huɗun da ke ciki suka salwanta.

Ƙurajen da ke fitowa a jikin faiba suna tsorata masu saye fiye da kima. Ka fasa ɗaya, za ka ji warin tsami, alamar ruwa ya ratsa fatar waje. Ƙanana ana goge su, a bushe, a cike. Abin da ke cin kuɗi na gaske yana bisa, inda ake takawa. Galibi itacen balsa ake sakawa tsakanin faiba biyu, kuma ruwa na bi ta ramukan kusoshi ya ruɓar da shi a ɓoye. Ka cire takalmi ka taka ko'ina. Ka ɗauki ƙaramar gudumar roba kana ƙwanƙwasawa: wuri mai lafiya yana amsawa tas, ruɓaɓɓe kuwa dum, kamar ganga ta jiƙe.

Wayoyin ƙarfen da ke riƙe jigon filafilai ba lallai ne su nuna tsufa a ido ba. Kamfanonin inshora da yawa suna so a sauya su in sun kai shekara 10, don haka ka nemi rasit, ban da "ai ban daɗe da canzawa ba". Farantan da aka ɗaure wayoyin a kansu tsatsa takan ci su ne daidai inda suka ratsa rufin jirgin, wurin da iska ba ta shiga, ido kuma bai kai ba.

Inji kuwa, ka ɗora hannu a kai ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar. Wanda aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye wahalar tashi. Ka zaro sandar baƙin mai. In ya koma kalar madara, ruwa ya shiga. Kowane famfon da ya huda jikin jirgin ka buɗe ka rufe da hannunka, ka ɗan kankare shi da wuƙa. In tagullar ta koma ruwan hoda, tutiyar cikinta ta zube, yana iya karyewa a hannunka ruwa ya kwararo.

Bayan duk wannan, ka ɗauko ƙwararren mai binciken jirage wanda kai ka zaɓa, kada dillali ya kawo maka nasa. Ka rubuta a yarjejeniya cewa ciniki bai faɗa ba sai an ga rahotonsa, an kuma fita da jirgin teku an buɗe filafilai duka. Ka haɗa kuɗin gyaran da rahoton ya lissafa da na wurin ajiya da inshorar shekara guda, sannan ka taya.