Ranar da na wuce hedikwata ban gan ta ba

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma kafin na yi ritaya, don haka idan ana zancen ƙaramar hukuma ba na son a koya mini. Wannan taƙamar ce ta kai ni ta baro ni a jihar Texas ta Amurka.

Ƙanina yana zaune a garin Odessa, yana tuƙa tanka yana kai ruwa rijiyoyin man fetur. Da na kai masa ziyara, kullum sai ya ce ya tafi aiki gundumar Loving. Na tambaye shi mece ce gunduma a nan. Ya ce kamar ƙaramar hukuma ce a wurinmu, kuma Texas kaɗai tana da 254. Nan take na ce ai kuwa sai na je na gaida takwarorina.

"Yaya, babu abin gani a can," in ji shi.

Na ce masa yaro man kaza. Hedikwata ce fa. Ko ba komai akwai mai shayi, akwai mai tsire, akwai 'yan zaman kashe wando a bakin ƙofa suna jiran ciyaman ya fito. Ya yi dariya, ya ba ni mukullin motarsa, ya saita mini taswira a waya, ya ce in ɗauki ruwa da abinci. Ruwan kawai na ɗauka. Wa ke kai guzuri hedikwata?

Na saɓa babbar riga mai aska tara, na kafa hula, na hau hanya mai lamba 302. Bayan garin Kermit sai duniya ta ƙare. Fili fetal, ƙasa busasshiya, 'yan ƙananan ƙayoyi, sai injinan haƙo mai suna ta sunkuyawa suna ɗagowa kamar masu dakan gero da ba a biya su ba. Manyan motoci kuwa sai wuce ni suke yi har motar tana rawa.

Can sai matar da ke cikin waya ta ce mun iso Mentone, hedikwatar gundumar. Na duba dama, na duba hagu. 'Yan gine-gine ƙalilan, tankuna, motocin ma'aikata, shi ke nan. Na ce mata ke dai kin rikice, wannan ai sansanin leburori ne. Na ƙara mai. Ta ce in juya, na ƙi. Ta sake cewa in juya, na rage mata murya. Sai da na haye gadar kogin Pecos, wanda a ranar ruwansa bai fi na rafin bayan garinmu ba, na ga allo yana sanar da ni cewa na shiga gundumar Reeves. Wato na shiga hedikwata, na fita daga hedikwata, na fita daga ƙaramar hukumar gaba ɗaya, duk ina neman ta.

Na juyo jiki a sanyaye, na mayar wa matar waya muryarta, har na ba ta haƙuri.

Sakatariyar wani gini ne na bulo, an gina shi a 1935, babu maigadi, babu maroƙa, babu ko mutum ɗaya riƙe da fayil yana jiran sa hannu. Wata dattijuwa na tarar, ta tsaya tana kallon rigata kamar ta ga labule yana tafiya. Na gabatar da kaina, na ce ciyaman nake son gani. Ta ce su shugaban gunduma alƙali suke ce masa, kuma ba ya nan. Wannan dai bai ba ni mamaki ba, ko'ina a duniya ba a samun su a ofis.

Sai na koma aikina na da, na tambaye ta yawan jama'arsu. Ta ce ƙidayar 2020 ta nuna 64. Na gyaɗa kai irin na masana, na ce dubu sittin da huɗu ba laifi. Ta ce a'a, sittin da huɗu. Mutum sittin, da mutum huɗu. A 2010 ma 82 ne, kuma yanzu babu gundumar da ta kai su ƙarancin mutane a duk faɗin Amurka.

Na nemi kujera na zauna. Ranar bikin 'yata ta fari, dangin uwarta kaɗai sun cika bas uku. Wato surukaina sun isa su kafa gunduma a nan, su ci zaɓe, har su samar da 'yan adawa. Ƙasar kuma ba ƙarama ba ce, murabba'in mil 677, kusan rabin jihar Legas. In aka raba, kowane mutum zai tashi da fili fiye da murabba'in mil goma. Makaranta ma tuni aka rufe, yara garin Wink ake kai su, a wata gundumar.

Tarihin wurin ne ya sa na ji kamar ina gida. An yanka gundumar a 1887. A 1893 wasu 'yan kamfanin noman rani suka kafa mata hukuma, suka raba wa kansu muƙamai, ba a jima ba suka tattara suka ɓace. A 1897 majalisar jiha ta rushe hukumar. Sai da man fetur ya jawo mutane aka sake kafa ta a 1931. Dattijuwar tana ba ni labari tana jiran in yi mamaki, ni kuwa sai na ce mata, Hajiya, ci gaba, na san irin fayil ɗin.

Sunan kuma na wani falken shanu ne, Oliver Loving, wanda shi da abokinsa Charles Goodnight suke kora garke zuwa New Mexico. A 1867 'yan ƙabilar Komanci suka ji masa rauni a bakin kogin Pecos, raunin ya yi ajalinsa a Fort Sumner. Ku riƙe wannan bayanin, domin ni ban riƙe shi da muhimmanci ba a lokacin.

Kafin in tafi ta roƙi mu yi hoto saboda rigar. Muka tsaya a gaban ginin, wani direba ya ɗauke mu. Yunwa kuwa ta riga ta ci ni, tsiren da na yi wa tanadin ciki ya koma biskit da lemon kwalba. Ina zaune a mota ina ci na tura hoton zauren WhatsApp na gida, na rubuta cewa ga ni a Loving.

Ashe autata, wadda nake biya wa kuɗin makaranta da gumina, ita ta fassara wa uwarta kalmar. Ban kai Kermit ba waya ta yi ƙara.

"Alhaji, ashe garin soyayya ka tafi?"

Na ce Hajiya, sunan mai shanu ne, ya rasu tun 1867. Na kawo mata Komanci, na kawo kogin Pecos, na kawo Goodnight, wanda shi ma autar ta fassara nan take, abin ya ƙara lalacewa. Daga ƙarshe na ce ta kwantar da hankalinta, duk gundumar mutum 64 ne kacal.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Mutum 64 a rabin Legas, amma kai sai da ka nemo mace a ciki."