Ba faɗan ke gundura ba, jinkirin ne

Masu cewa wasan harbi na mutum da mutum a wayar salula ba ya gundura suna da hujja: abokin karawarka ɗan Adam ne, kullum da sabuwar dabara. To, su zo Agege ko Idi Araba su gwada.

Buɗe PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile ka duba lambar ping, wato lokacin da saƙon wayarka ke ɗauka ya je sabar wasan ya dawo. In sabar, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, tana Turai ko Gabas ta Tsakiya, saƙonka sai ya bi wayar ƙarƙashin teku ya je ya dawo, abin ya haura milisakan 100. Wanda ke kusa da sabar yana wasa da 20 ko 30. Kai a allonka ka riga ka laɓe bayan bango, a lissafin sabar kuwa har yanzu kana fili, sai kawai ka faɗi. Mutum 100 a fage, an yi minti ashirin ana tara makamai, a ƙare a haka? Haba!

Ga zafin Legas. Waya ta ɗauki zafi, sai ta rage gudun kanta don kada ta lalace, hoton da ke sauyawa sau 60 a sakan ya fara tsinkewa. In kana caji kana wasa, ya fi muni. Cire rigar wayar, rage ingancin hoto. Da daddare kuma unguwa duka ta hau intanet, ping ya dinga tsalle.

Sannan kakar wasa ta ƙare a zaftare maka matsayi, ka koma hawa da ping ɗin nan dai.